Filin ƙaramin golf na unguwarmu: a nemi gyara ko mu daina kai yara?

Maman Afnan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son mu tattauna kan filin ƙaramin golf ɗin nan na wurin shakatawar da ke bayan layinmu, inda yara ke buga ƙwallo da sanda ya bi layi ya faɗa rami. Duk wanda ya leƙa tun da damina ta kankama ya san abin da nake nufi. Kafet ɗin layi na huɗu ya ɗaga daga gefe, ya naɗe, har yaro zai iya zura ƙafa ya faɗi. A na bakwai kuwa ya yage ne gaba ɗaya, siminti ya fito. Ramukan da ƙwallo ke faɗawa duk ruwa ne a ciki, sai ka sa hannu cikin ruwan da ya yi kore kafin ka ciro ƙwallonka. Sandunan yara ƙanana saura guda biyu, ɗaya ma robar kanta ta tsage an ɗaure da salatif. A haka kuma aka ƙara kuɗin shiga bayan Sallah. Ni dai raina ya ɓaci, domin wurin nan shi ne kaɗai a kusa da za ka kai yara su yi wasan da ba na waya ba. Me ya kamata mu yi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kika faɗa gaskiya ne, na gani da idona. Amma mu yi wa mai wurin adalci. Kafet irin wannan daga waje ake shigo da shi, kuma kin san yadda canji ya tashi tun da aka saki naira a 2023. Man janareto ma tun cire tallafi ba a magana. Mutum ya zuba jarinsa a wurin da yawancin masu kuɗi ba za su zuba ba. Da shaguna ya gina a filin da tuni ya mayar da kuɗinsa.

Maman Afnan: Alhaji, tsintsiya ma daga waje ake shigo da ita? Ganyen darbejiya ya cika layukan, 'ya'yanta sun ruɓe sun manne a kafet. Wannan ba maganar canji ba ce.

Baban Khalifa: Wannan kam na yarda.

Sista: Ni ruwan nan da ke kwance shi ya fi tayar min da hankali. Ba ramukan kaɗai ba, har ɗan rafin ado da aka yi a tsakiya, wanda famfonsa ya mutu. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba sai ya samu kwata ba, ya fi son ruwan sama da ya kwanta, marar zurfi, wanda rana ke bugawa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwai ya zama sauro mai tashi. Kuma yaushe muke kai yaran? Da yamma, a kai har bayan magariba, daidai lokacin da yake fitowa. A wannan watan gadajen yara a asibiti cike suke, ba sai na faɗa muku ba. Ko ba za a gyara komai ba, a zubar da ruwan nan.

Injiniya: Barkanmu da yamma. Na daɗe ina kallon filin nan, ku ba ni dama in ɗan yi tsawo.

Kafet ɗin da kuke gani ya ɗaga, ba shi ne asalin ciwon ba. Ciwon yana ƙarƙashinsa. Layin ƙaramin golf daɓen kankare ne da aka shimfiɗa wa kafet da gam. In aka yi shi yadda ya kamata, sai an fara kwashe ƙasar sama, a zuba jar ƙasa a danne ta sosai, a sa tsakuwa, sannan a zuba kankare mai kaurin kamar santimita 10 da ragar ƙarfe a ciki. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma ƙarfinsa ba ya cika sai wajen kwana 28. Sai ya bushe ƙarau ake shafa gam. In aka yi gaggawa aka manna kafet kan dansashshen siminti, daminar farko gam ɗin zai saki.

Na biyu gangare. Dole kowane layi ya ɗan karkata, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, kuma a bar ƙofofi a jikin bulon gefe inda ruwa zai fita. Ku je ku duba, bulon gefen filinmu a rufe yake ruf, babu ko kafa ɗaya. Ruwa ya sauka ba shi da hanya, sai ya kwanta ya ratsa ta wajen haɗin kafet. Kaduna kuma ruwan da take samu a shekara ya haura milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba.

Na uku ramin kansa. Ya kamata a ƙasan kowane rami a sa bututu da zai kai ruwa cikin rijiyar tsakuwa. Na sa yatsa a uku daga cikinsu, gwangwani ne kawai aka binne a siminti, ba huji.

Saboda haka ko gobe aka sayo sabon kafet aka shimfiɗa, in ba a taɓa waɗannan ba, baɗi war haka muna nan muna wannan maganar.

Baban Khalifa: Injiniya, abin da kake faɗa ai rushewa ne a sake gini. Wa zai biya?

Injiniya: A'a Alhaji, ba duka ba. Fasa kafofi a bulon gefe aikin birkila ne na yini guda. Huda ramukan da injin huda kankare shi ma bai kai ya kawo ba. Layuka biyu ne na ga sun tsage sosai, na kusa da darbejiyar nan, saiwa ce ta ɗaga su. Waɗannan kam sai an fasa.

Malama: Don Allah kada a ce za a sare bishiyar. Ita ce inuwar wurin gaba ɗaya. Da bazara in ba ita ba babu uwar da za ta iya zama tana jiran yara.

Injiniya: Ba sarewa ba, Malama. A haƙa ɗan rami tsakaninta da layin, a datse saiwar da ta nufo nan, a zuba katangar kankare a ƙasa. Amma a yi da wanda ya san bishiya, in aka datse da yawa a gefe ɗaya iska za ta iya kayar da ita.

Ɗalibi a Jamus: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Duk da ina nesa ina bin maganar, domin ƙannena na zuwa wurin. Tambayata ita ce, dole ne sai da kafet? A nan Turai yawancin filayen da na gani babu kafet ko kaɗan. Akwai na zallar kankare, tsarin wani mutumin Suwizalan mai suna Paul Bongni. An buɗe na farko a garin Ascona a 1954, kuma har yau ana wasa a kansa. Layuka 18 ne, tsawon yawancinsu wajen mita 12, faɗi mita 1.25, an goge saman sumul, gefen kuma ƙarfe. Akwai wani ƙarami da aka fara a Hamburg a 1958, na fallayen siminti, tsawon mita 6.25 da faɗin santimita 90. Shi wannan ba a yarda ma ka taka shi ba, a gefe kake tsayawa ka buga. 'Yan Suwidin ne aka sani da mai shimfiɗar kafet. Duka ukun ana gasar duniya a kansu. Ni ina ganin da an cire kafet ɗin nan an gyara saman simintin an yi fenti, da an huta.

Maman Afnan: Ƙanena, siminti da yara? Ɗan shekara huɗu ya faɗi a kai ai sai asibiti.

Ɗalibi a Jamus: Yaya, yanzu ma ai simintin ne a ƙarƙashi. Kafet ɗin bai kai kaurin yatsa ba, ba katifa ba ne. Abin da ke kayar da yaro shi ne gefen da ya naɗe.

Malama: Ni ban goyi bayan siminti ba, kuma ba don faɗuwa ba. Ƙwallo a kan siminti gudu yake kamar me. Yaro ƙarami ya taɓa shi kaɗan ya wuce ramin ya bugi gefe ya dawo, ya sake, ya sake, sai ya yi fushi ya jefar da sandar. Na kai 'yan ajina wurin lokacin yana sabo, na ga abin da kafet mai kyau ke yi. Akwai wata yarinya da ba ta magana a aji, ta tsaya ta auna, ta buga a hankali, ƙwallon ya gangara ya tsaya dab da ramin. Ta sake taɓawa ya faɗa. Yadda ta juyo tana neman wanda ya gani, har yau ina tunawa. Wasan yana koya wa yaro haƙuri da jiran layi da ƙirga bugunsa da gaskiya. In ya zama sai gwani ne zai iya, an kori waɗanda aka yi wurin dominsu.

Ɗalibi a Jamus: Gaskiya ne Malama, a nan ma masu gasa da jakar ƙwallaye suke zuwa, wani mai tsalle, wani marar tsalle, kowane layi da nasa. Amma iyalai ma suna wasa da ƙwallo ɗaya mai laushi wanda ba ya gudu sosai. Kuma akwai dokar da ke rage fushin yaro: bugu shida ne iyaka, in bai shiga ba a rubuta bakwai a wuce gaba.

Injiniya: Maganar ɗalibi tana da ƙarfi ta fuskar daɗewa, amma akwai inda zan ja. Siminti marar kafet ba ya ɓoye aibi. Duk ɗan tudu ko kwari ƙwallo zai nuna shi. Daɓen da ke filinmu an yi shi ne da sanin za a rufe, da cokalin birkila kawai aka shafe. Kafin ya yi kyan da ake so sai an kawo masu injin goge tarazo sun bi layukan duka. Ana iya yi, muna da masu aikin a garin nan, amma ba arha ba ne. Ga kuma zafi. A watan Maris da Afrilu siminti da kafet ɗin roba duka ƙuna suke, sai dai kafet ya fi, har ba ka iya ɗora tafin hannu.

Baba Mai Golf: Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta min, shi yake rubuta min wannan. 'Ya'yana, na yi shekaru ina ɗaukar wa 'yan golf jaka tun ina saurayi, daga baya na koma cikin masu kula da fili. Ina so in gaya muku abin da na sani.

A zamaninmu filayen golf na Arewa ba ciyawa ba ce a kewayen rami. Ruwan da za a shayar da ita da rani babu. Yashi ake tankaɗewa a gauraya da baƙin mai a shimfiɗa a danne. Haka aka yi wasa shekara da shekaru, har a tsohon filin Rayfield na Jos da aka ce tun 1913 yake. Turawa da manyan ma'aikata a kan yashin nan suka yi ta buga ƙwallonsu, kuma yana tafiya daidai. Me ya sa? Domin akwai mutum a tsaye. Kowane rukuni ya gama, sai a ja buhu ko katako a bi sawun ƙafa a share, daga bakin rami a yi ta kewayawa zuwa waje. Da asuba kafin kowa ya zo mun riga mun zaga, mun tsince tsakuwa, mun kwashe kashin dabbobi, mun duba bakin ramin ko ya zube. In ya zube ko kaɗan ƙwallo mai kyau zai zo ya kauce, mai wasa kuma ya san ba laifinsa ba ne.

Na je filin naku da jikokina. Ban ga mai wannan aikin ba. Na ga mai karɓar kuɗi, na ga mai gadi. Ku yi ta gardamar kafet da siminti, duk wanda kuka zaɓa in babu mai zagawa da safe lalacewa zai yi.

Maman Afnan: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi abin da ke raina ke nan na kasa faɗa.

Sista: Baba, Allah ya ja kwana. Sai dai baƙin man nan kada wani ya ji ya ce a dawo da shi, yara na wasa da hannu suna kai wa baki.

Baba Mai Golf: A'a 'yata, ban ce a dawo da shi ba. Wancan zamani ne, ya wuce. Aikin nake nufi.

Malama: Abin da Baba ya faɗa ya tuna min da wani abu da na karanta. A Amurka ma da aka fara yaɗa wasan nan ba kafet ba ne. A 1922 wani mai suna Thomas Fairbairn ya haɗa ɓawon angurya da yashi da mai da rini kore, shi ne shimfiɗar. Angurya dai wadda muka sani a Funtuwa da Gusau. Da wannan arhar wasan ya bazu, zuwa 1930 ana maganar filaye kusan 25,000 a ƙasar. Cikin 'yan shekaru kaɗan mafi yawansu suka rufe, lokacin karyewar tattalin arziki. Ina faɗa ne don Alhaji ya san na fahimci tsoronsa, irin wannan sana'a tana iya mutuwa da wuri.

Baban Khalifa: To kin gani, Malama. Shi ya sa ba na son maganar ƙaurace wa wurin da na ji wasu na yi a waje. Mu daina zuwa wata biyu, ya rufe, ya ba masu biki haya, shi ke nan. Sai mu koma ina? Sai dai wanda ke da mota ya ɗebi yara zuwa Abuja.

Abban Yusra: Ni ne mai maganar ƙauracewa, kuma ina nan a kan bakana. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne. In mai saye ya ci gaba da biyan kuɗi kan kaya marar kyau, me zai sa mai kaya ya gyara? An yi magana da yaran wurin ba sau ɗaya ba. Kullum amsa ɗaya, oga ya ce za a gyara. Ɗana ya yanke a yatsa da bakin kwanon da aka yi ƙaramin gidan nan da ƙwallo ke bi ta ciki, ya yi tsatsa ya buɗe. Sai da aka yi masa allurar tetanus. Ko auduga babu a wurin. Na biya kuɗina, na fita da yaro yana jini. Ni ba zan koma ba sai na ga canji.

Sista: Subhanallah. Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, akwatin agajin gaggawa wajibi ne a duk inda yara ke taruwa.

Baban Khalifa: Allah ya ba shi lafiya, ban san da wannan ba. Ba na kare sakaci, Malam. Ina cewa ne a fara zama da mutumin tukuna.

Abban Yusra: A zauna. Amma a sa lokaci. Zama marar wa'adi shan shayi ne kawai.

Ƙaninku: Assalamu alaikum. Na yi shiru ne don ina jin nauyi, amma tunda an ambaci yaran wurin, na taɓa aiki a can kafin in samu makaranta. Ina roƙon kada a ɗora wa ma'aikata laifin duka. Mu biyu ne a lokacin. Mu ne karɓar tikiti, mu ne raba sanduna, mu ne bin ƙwallon da ya faɗa bayan katanga, mu ne wanke bayan gida. Kayan sharar da aka ba mu tsintsiyar kwakwa ce. Ita kuma ba ta fitar da ƙura daga cikin kafet, sama-sama take bi. Da hunturu in ka share da safe, kafin azahar ya koma ja. Ƙurar tana shiga cikin gashin kafet ɗin ta zauna, ruwan farko ya sauka ta zama laka, ta bushe ta yi tauri. Shi ya sa wasu wuraren ƙwallo ke gudu, wasu wuraren ya tsaya cak. Mun nemi buroshi mai tauri da injin hura ganye, ba a saya ba.

Sannan ku yi haƙuri, iyaye ma da nasu. Ana shigowa da takalmi mai tsini a taka kafet. Ana zubar da lemo, tururuwa ta taru. Cingam kuwa ba a magana, sai mun sa ƙanƙara ya daskare muke iya ɓamɓare shi. Samari na ɗaga sanda sama su maka kamar a babban fili, kan sandar ya daki daɓe ya yaga. Sandunan yara da aka ce saura biyu, sun haura goma da farko. Wasu karyewa suka yi, wasu tafiya aka yi da su gida. In ka yi magana a ce kai wane ne.

Maman Afnan: Ƙanena ka yi gaskiya, kuma na gode da ka faɗa. Na sha ganin manya zaune a kan ɗan gadar nan ta katako suna ɗaukar hoto, alhali an yi ta ne don ƙwallo.

Abban Yusra: Duk na ji. Amma wa ya kamata ya kafa doka ya tsaya a kanta? Mai wurin. Allo ɗaya babu da aka rubuta abin da aka hana.

Ƙaninku: Akwai da, Yaya. Rana ta cinye rubutun, ba a sake ba.

Ɗalibi a Jamus: Wani abin da na gani a nan, yawancin filayen rufewa suke da sanyi, kafin a buɗe kuma sai an yi gyaran shekara, a wanke, a cike tsaga, a yi fenti. Mu ma muna da lokacin da ya dace. A rufe mako biyu a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka.

Baban Khalifa: Afrilu kuma in Sallah ta faɗo ciki fa? Ranakun Sallah su ne cinikin shekara a irin wuraren nan, babu mai rufewa.

Injiniya: Ba sai an rufe duka ba. A riƙa ɗaukar layi uku-uku, a kewaye da igiya, a rage kuɗin shiga a lokacin. Amma gam da fenti suna son rani, wannan ba makawa. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin aikin, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za a iya yi yanzu cikin ruwa shi ne kafofin gefe, huda ramuka, yanke kafet ɗin da ya naɗe don kada ya kayar da wani, da cire kwanon da ya yi tsatsa. Rafin adon kuma in ba za a sa masa famfo mai sola ba, a kwashe ruwan a cika shi da tsakuwa.

Game da kafet ko siminti, ga shawarata. A gwada a layukan nan biyu da dole a fasa. A zuba su da kyau, a goge, a bar su ba kafet, a ga yadda yara za su yi da su tsawon shekara. Sauran a bar su da kafet, amma in za a saya a nemi na waje mai jure rana, ba na cikin ofis ba. Wanda ke kai yanzu ina zargin na cikin ɗaki ne, shi ya sa ya koɗe ya koma fari-fari, in ka murza gashinsa sai ya zama gari a hannu.

Malama: In gwaji ne na yarda, da sharaɗin kada su zama layukan farko. Yaro ya fara da mai sauƙi ya ji daɗi tukuna.

Injiniya: Na goma sha ɗaya da sha biyu ne, Malama.

Hajiya Babba: Na karanta duka. Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne fitilu. Rabin filin duhu ne bayan magariba, kuma na ga waya a ƙasa kusa da rafin nan an naɗe ta da leda. Ruwa da wuta da yara. Wannan ya fi kafet gaggawa a wurina. Sannan babu wurin alwala mai kyau, mata sai mu koma gida sallah, yaran kuma ba su gama ba.

Injiniya: Hajiya, wayar nan ban lura da ita ba. In haka ne ita ce ta farko a jeri, a kashe layin wutar yau ba gobe ba.

Ƙaninku: Wayar famfon da ya mutu ce. Ban tabbata ko har yanzu da wuta a jikinta ba, amma zan kira wanda ke aiki a can yanzu ya sauke makunninta.

Sista: Don Allah ka kira yanzu, ka dawo ka faɗa mana.

Baba Mai Golf: In mai wurin zai yarda, ni zan zo in nuna wa yaransa yadda ake zagayen safe. Ba na son ko kwabo. Amma ya ware mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan, kada a ce shi ne kuma mai tikiti. Awa ɗaya kafin a buɗe ta isa: buroshi, tsane ramuka, gwada ƙwallo a kowane layi, duba sanduna. Abin da ya gani ya rubuta a littafi.

Abban Yusra: Baba, in aka yi wannan ni mai komawa ne. Amma ina nan kan wa'adi. Abubuwan haɗari, wato waya da kwano da ruwan kwance, mako biyu. In ba a yi ba, in faɗa wa duk wanda na sani kada ya kai ɗansa, kuma ba zan ɓoye ba.

Baban Khalifa: Mako biyu a kan waɗannan ban ƙi ba. Babban aikin ne nake cewa a ba shi zuwa rani. Kuma a je masa da mutunci, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina da wanda ya san shi, zan nema mana lokaci.

Maman Afnan: Maganar ƙarin kuɗin fa? Kada ta ɓace a ciki. Ni a ganina a mayar da tsohon farashi har sai an gyara.

Baban Khalifa: Hajiya, a nan za mu saɓa. Ki ce ya kashe kuɗi, ki kuma ce ya rage abin da ke shigo masa?

Maman Afnan: Layuka huɗu cikin sha takwas ba sa buguwa, Alhaji. Kuɗin sha takwas nake biya.

Malama: A kai masa maganar a ji ta bakinsa. Ko ya bar farashin ya ba yara zagaye na biyu kyauta kafin a gama gyara.

Ƙaninku: Na kira. Ya ce da wuta a jiki, ya sauke makunnin yanzu, ya kuma sa kujera a kan wurin. Ya ce oga yana zuwa ranar Asabar da safe.

Admin: Alhamdu lillahi. To Asabar ƙarfe goma. Masu zuwa: Baban Khalifa, Injiniya, Maman Afnan, Abban Yusra, Sista, da Baba in jiki ya ba da dama. Wanda ke da hoton wuraren da suka lalace ya turo min ta gefe, kada a sa fuskar yaran kowa.

Injiniya: Zan zo da ma'aunin gangare da tef. Wani ya taho da bokiti biyu, ina so in zuba ruwa a layi na huɗu a gabansa ya ga inda yake kwanciya.

Abban Yusra: Bokitan na kaina. Zan biya in ɗauko Baba a mota.